Tsingaro Biyar a Bakin Tsaga

A Bangi na fara sanin cewa mun bar ƙasarmu mun shiga Nijar. Ƙasar iri ɗaya ce da ta garinmu Tsamaye, busasshiya, ga mushen shanu gefen hanya kamar dai namu. Wani jandarma ne ya tsaida mu, ya yi wa maigidana tambaya. Shi ko ya tsaya yana kallon bakinsa yana murmushi. Jandarman ya ɗaga hannu za ya kwaɗa masa mari, sai na shiga tsakani.

Na ce, "Ba raini ba ne, ranka shi daɗe. Ba shi ji. Abin da za ka ce mai, ce mini."

Abin da ya raba ni da gida ke nan. Maigidana mai haƙar rijiya ne, kuma sanyin rijiya ya cinye masa kunne tun muna da ɗiya ɗaya. Sai ka sa baki ga kunnensa na dama ka yi ihu kafin ya kama rabin magana. Ni kuma maginiyar tukwane ce. Shekara ta biyu ke nan damina na yi mana gardama. Ba mai sayen tukunya in ba abin dafawa, ba mai kiran a haƙa masa rijiya in yana shirin barin garin. Da wani mutum ya zo kasuwar Sabon Birni yana neman masu haƙa, yana cewa can bayan garin Buza akwai Bature da ke ba da hatsi kowace maraice, maigidana ya ce za shi. Na ce to za ni ni ma, don ban ga wanda zai riƙa ji masa ba.

Mutumin nan ya kai mu Madawa, ya zaunar da mu gindin wani iccen bedi kusa da tasha. Ya ce in ba shi tabarmata da bargon maigidana ya je ya kama mana wuri a cikin mota. Na dube shi, idonsa bai kwanta mini ba, amma maigidana ya riga ya miƙa. Kwana uku muna gindin bedin nan. Har yau bai dawo da motar ba.

Wata Buzuwa ce ta tsame mu. Raƙumansu sun ƙare, tana zaune nan tasha ita ma ba ta san abin da take jira ba. Hausarta ba ta fi cikin cokali ba. Ta ga ina jiƙa wa maigidana dussa da ruwa, ta kwance bakin zanenta ta karya mini cuku kamar faɗin yatsa biyu. Da na ce mata Buza, da Bature mai haƙa, sai ta share ƙasa da tafin hannu ta zana mana hanya: nan rijiya, nan kada ku sha, nan tsauni. Ban tambayi sunanta ba. Ina sa ta cikin addu'a hakanan.

Mu mutanen bakin gulbi ne, ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Madawa zuwa gaba sai duwatsu da tsaunuka masu kai a daidaice kamar an yanke da wuƙa. Ina tafiya ina jin kamar wani abu na leƙena daga bisa. Kwana uku munka yi a ƙasa. Abin da ya fi zo mini a rai ba ɗiyana ba ne, Allah shi gafarta mini, ƙanshin tukwane ne in an buɗe wuta da asuba.

Wurin da munka tarar wani tsohon kufai ne a gindin tsauni mai jar ƙasa. Ba ka ganin gari, sai ka ga ramuka. An bi wata tsohuwar katanga ta dutse ana tone ta, doguwar haƙa, zurfinta ya fi tsayin mutum biyu, kuma ta bi gindin tsaunin sosai. Akwai Bature ɗaya mai jan wuya, da wani ɗan boko mai sanyin hali daga Yamai, Malam Idi, shi ke yi masa tafinta. Sai shugaban lebura, wani Ba'adare mai suna Ɗan Illo, mai baki kamar reza. Da ya ga yadda maigidana ke riƙe dagi, wato ƙarfen haƙarsa, nan take ya ɗauke shi ya kai shi can ƙarshen ramin, wuri mafi zurfi. Ni kuma anka ba ni turmi, mu uku muna yi wa maza talatin tuwon jar dawa.

Ban taɓa ganin aiki irin wanga ba. Manyan maza, da gemu, suna share ƙasa da ɗan buroshi. In sun samu fasasshen kasko sai a ɗauka da hannu biyu kamar jariri. Tun da ana ba da hatsi, ko iska sunka ce a tankaɗe sai a tankaɗe.

Wata rana Malam Idi ya zo shan ruwa wurinmu, na tambaye shi. Na ce, "Malam, wa ya rufe garin ga?"

Ya ce, "Zamani, Inna. Shekaru masu yawa."

Na ce, "Zamani da kwando ya ɗebo jar ƙasar? Ga ta can bisa, iri ɗaya da wadda kuke kwashewa."

Ya yi dariya. Ya ce Bature ya auna tsaunin da na'urarsa mai ƙafa uku tun kafin a sa diga, ya ce in dai ba ruwan sama, ba inda za shi. Ruwa kuwa ai shi muke nema ba mu samu ba.

Sati na uku iccen girki ya ƙare a ƙasa, na hau tsaunin neman ƙirare. Can bisa, kamar taki goma daga baki, na ga tsaga.

Na san tsagar fari. Fadamarmu duk ta dare a shekarun nan, amma ita tana bi ko'ina ne kamar bayan kunkuru. Wagga guda ɗaya ce, doguwa, ta lanƙwasa ta bi bakin tsaunin kamar bakin kasko. Na durƙusa na shafa. Gefen da ke wajen ramin ya fi ɗayan sauka da kamar yatsa biyu. Na leƙa ƙasa, ga farar hular maigidana daidai ƙarƙashina.

Ina 'yar shekara tara gaɓar da muke ɗibar yumɓu ta rufta da mata biyu, ɗaya yayata ce. Mun tone su da hannu. Tun daga ranar, tsohuwar da ta koya mana gini, Gwaggo Ige, ta kafa mana doka. In an ga tsaga bisa gaɓa, sai a nemi tsingaro mai kauri a cusa shi a tsaye cikin tsagar, a buga da dutse har ya kama gam. Da safe ba mai sauka sai an je an taɓa shi. In yana nan daram, a yi aiki. In ya yi lako-lako, ƙasa na tafiya, ko yunwa za ta kashe ki ba ki sauka.

Na sauko na sa baki ga kunnen maigidana na gaya masa. Ya ce, da ƙarfi yadda kurame ke yi, "Shekara talatin ina cikin ƙasa. Ke za ki koya mini ita?"

Na ce, "Rijiya zagaye take, tana riƙe kanta. Wanga kun yanke mai ƙafa."

Bai ji ba, ko kuma ya ji ya ƙi.

Na je wurin Ɗan Illo. Ya dubi zanen gadon da ke fuskata, ya dubi mazan da ke cin tuwo, ya ce, "Ke Bagobira, tsagar da ke kumatunki ba ta ishe ki ba, sai kin nemo ta tsauni? Koma ga turminki." Anka yi dariya. Sannan ya matso ya rage murya. "In kika sa Bature ya rufe aikin ga, ke za ki ci da mutum talatin?"

Wannan maganar ta fi zagin kama ni. Duk wanda ke nan ya baro bakuna a gida.

Na ce to bari in tambayi ƙasar da kanta. Bayan tantin Bature akwai tabarmi an shanya tsingaro jere-jere. A wurinmu fasasshiyar tukunya juji ake kai ta, ko a ba kaji ruwa ciki. Na ga an ɗan zana wani farin abu a jikin kowane, ban kula ba. Na zaɓi biyar masu kauri, na bakin randa, don su ne ke kamawa. Na hau na cusa su, taki bakwai-bakwai, na buga har sai da dutsen ya ƙi shiga. Kusa da kowane na tara 'yan tsakuwa don in gane wurin.

Washegari da sassafe na hau. Huɗu na nan. Na tsakiya na taɓa shi da yatsa ya motsa.

Ranar ban san yadda na yi daka ba. Idona na bisa tsaunin, taɓarya na faɗa inda ta ga dama. Duk sanda diga ta bugi ƙasa sai in ji a haƙorana. Na ce wa kaina guda ɗaya ne, wataƙila ban buga shi da kyau ba. Ƙarya nake wa kaina, na san yadda na buga shi. Da maraice na zuba wa maigidana tuwo ina kallon jar ƙasar da ke cikin gemunsa, na kasa cin nawa.

Safiya ta biyu ban samu hawa ba. Maza sun riga sun sauka rami, ina ɗaura zane zan kama hanya, sai ga Ɗan Illo ya tare ni. An nemi tsingaro biyar an rasa, kuma ɗaya daga cikin matan ta gan ni bayan tanti. Ya zazzage ƙunshina a ƙasa gaban kowa. Bature na tsaye wuyansa ya ƙara ja, yana magana da sauri.

Malam Idi ya ce, "Inna, waɗannan ba na yarwa ba ne. Farin rubutun da ke jiki shi ke gaya mana inda anka tono kowane. Ina kika kai su?"

Na ce, "Aiki na sa su."

Ɗan Illo ya ce, "Sayarwa ta yi. Mutanen ƙetare, ai ka san su."

Na ce, "Wa ke sayen tsingaro ga garin da ba ruwa? Ku zo ku gani. Amma inda na taka nan za ku taka."

Munka hau mu huɗu. Na tarar da tsakuwata ta fari, babu tsingaro. Ta biyu, babu. Har ta biyar. Ɗan Illo ya tafa hannu ya ce, "To, ƙarya ta ƙare." Ban kula shi ba. Na kwanta rub da ciki, na zura hannu cikin tsagar. Shekaranjiya gefen tafina kawai ke shiga. Ranar hannun ya shige har kafaɗa, ban taɓa komai ba, sai wani sanyi da ke fitowa daga ciki.

Na ce, "Ga inda sunka tafi. Ta buɗe baki ta haɗiye su."

Bature ya durƙusa bakin tsagar. Ya ciro zare daga aljihu ya ɗaura dutse ya zura, zaren ya yi ta tafiya. Ya ɗora sandarsa a kan tsagar ya ga yadda gefe ɗaya ya sauka. Sai ya faɗi wata kalma guda. Malam Idi ya zabura za ya ruga bakin tsaunin, na cafke rigarsa na ce, "Kada ka ƙetare ta. Yi ihunka daga nan."

Ya yi ihu, Ɗan Illo ma ya sa baki. Munka ga maza na fitowa daga ramin suna watsar da kwanduna, wasu na hawa kan wasu. Ni farar hula kawai nake nema. Ba ta fito ba.

Hanyar sauka ta bayan tsaunin take, doguwa. Ban san yadda na sauko ba, na dai tarar ƙafata na jini. Maza sun yi cirko-cirko can nesa suna ta kiran sunansa, kamar ba su san wanda suke kira ba.

Na ce, "Ba shi ji. Wa za ya shiga?"

Kowa ya dubi ƙasa. Ban ga laifinsu ba. Na gyara ɗamara na shiga.

Tun ranar yayata ban sake tsayawa ƙarƙashin gaɓa mai tsaga ba. Ramin shiru, inuwa, ga tsohuwar katangar nan a hannun hagu, ga tsauni ya rataya bisa kaina a hannun dama. Ƙasa na zubowa siri-siri, tana sauka ga wuyana tana bin bayana. Na san wannan zubar. Ina son in yi gudu, amma na ji tsoron ƙarfin takuna, sai na riƙa ɗaga ƙafa a hankali kamar mai ratsa ɗakin marar lafiya. Kalmar shahada ce kawai a bakina.

Can ƙarshe na tarar da shi a durƙushe, ya ba ni baya, yana ɗan gunjin waƙarsa. Ya tono wata randa babba har rabi, lafiyayya, ba ko tsaga. Na dafa kafaɗarsa. Ya juyo fuska a sake.

Ya ce, "Dubi aikin 'yan'uwanki. Ga yatsanta nan ga wuya."

Gaskiya ne, ga shatar babban yatsa jere a wuyan randar, irin yadda mu ma muke yi. Muryarsa ta cika ramin, wani ɗan ɓangaren ƙasa ya faɗo kusa da ƙafarsa. Na nuna masa bisa. Ya kaɗa hannu. Na ja rigarsa, ya fizge.

"Bari in ƙarasa. Saura kaɗan."

Ihu a kunnensa ban yarda in yi ba a wurin nan. Ɗaukarsa kuwa ba zan iya ba. Sai na ga daginsa jingine da katanga. Na ubansa ne, ko ƙanensa bai taɓa bari ya riƙe ba. Na sunkuce shi na saɓa a kafaɗa na juya na kama tafiya. Ban waiwaya ba. Taki biyar, shida, ban ji komai ba. Sai na ji shi bayana yana faɗa: "Ke! Kin haukace? Aje mini abina!" Ban taɓa jin daɗin faɗan mutum ba kamar ranar. Haka munka fito gaban maza talatin, mace da ƙarfen mijinta a kafaɗa, miji na binta yana zagi.

Tsaunin bai faɗi ba ranar. Bai faɗi washegari ba.

Bature ya kafa turaku gefe da gefen tsagar ya ɗaura zare tsakani. Da ya koma ya duba sau biyu, ya ce an rufe aikin, ya aika Buza a kawo mota. Anka maida mu gindin wasu gawo kusa da rijiya, nesa da kufan, anka rage hatsi tun da ba aiki. Matan da muke daka tare sunka janye turminsu gefe. In na je ɗibar ruwa sai a yi shiru. Wani dattijo da ban taɓa jin muryarsa ba ya ce mini, "Kin tsirar da mu daga ƙasa kin miƙa mu ga yunwa. Mun gode." Ɗan Illo kuwa kowace safiya sai ya gaida tsaunin da ƙarfi, ya ce, "Ka kwana lahiya? Bagobira ta ce ka faɗi, kai ko ka ƙi?"

Maigidana bai yi mini magana ba. Amma na ga yana kallon Malam Idi, wanda ke ta zagaye yana cizon yatsa a kan randar da anka bari. Kurma fuska yake karantawa. Na san abin da ke ransa, za ya faki idona ya je ya ciro masa ita. Don haka na shimfiɗa dagin a ƙasa na zauna bisa shi. Nan nake tankaɗe, nan nake cin abinci. In zan yi salla ƙarƙashin ƙafata yake, in zan kewaya da shi nake tafiya. Ƙarfe ne, ya ci mini jiki har na kasa zama daidai.

Tsoro biyu ke cina. Ina tsoron ya faɗi da wani a ƙarƙashinsa, ina tsoron kada ya faɗi sam, ya zama na raba mutum talatin da abincinsu a banza. Ba zan ɓoye ba, na roƙi Allah ya kada shi.

Rana ta shida, bayan azahar, ba iska ba gajimare. Maigidana na kwance a ƙasa kusa da ni ya rufe fuska da hula. Na ga tsuntsaye sun tashi daga tsaunin gaba ɗaya. Sai bakin tsaunin ya sunkuyo a hankali, kamar tsoho za ya zauna, sannan ƙarar ta iso. Jar ƙura ta tashi ta rufe rana. Da ta lafa, ba rami, ba katanga, ba wurin da tantin Bature yake da. Gangare kawai, sumul, kamar ba a taɓa sa diga a wurin ba.

Malam Idi ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ɗan Illo kuwa bai sake gaida tsaunin ba.

Maigidana bai ji ƙarar ba, ƙasa ce ta motsa ƙarƙashin bayansa. Ya ɗaga hula ya ce, "Motar ta zo?"

Na kama kansa da hannu biyu na juya shi wajen tsaunin. Ya daɗe yana kallo. Na ga yana neman inda ƙarshen ramin yake da ido, yana bin gangaren, bai samu ba.

Na yunƙura zan tashi in ba shi ƙarfensa, tun da ba sauran abin tsaro. Ya dafa gwiwata ya maida ni. A karon farko da na sani, ya yi magana a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

Ya ce, "Zauna bisa shi. Har Tsamaye."

Na zauna.